Yayana da Malamin Cikin Akwati

Ranar da muka zauna makokin Yayana, tun kafin azahar na gane mutum biyu ake yi wa ta'aziyya a gidan, alhali gawa ɗaya aka fitar.

Ƙananan matan nan da aka kawo aure garin daga baya su suka fi kowa hawaye. Matar tela ta durƙusa a gabana tana share ido da bakin hijabi, ta ce, "Inna, ya haƙuri? Wallahi ban taɓa jin murya mai taushi irin ta Malam ba. 'Yata ko da 'yar tsana take wasa sai ta ce mata madalla, yadda yake faɗa."

Na ce, "Da godiya. Allah ya ba da lada."

Ba ta taɓa zama da shi ko na shan ruwa ba. A akwatin karatun makarantar garinmu ta san shi, wanda ake kunna wa yara yana koya musu baƙi da muryarsa.

Maza suna waje a kan tabarmi, ina jiyo su ta jikin danga. Su sun san na gaske. Sarkin fawa, wanda yau har jika gare shi, na hango ya ɗaga hannun hagu, ƙaramin yatsansa a lanƙwashe kamar ƙugiya, ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam. Ni dai ya bar mini abin tunawa." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake haɗiye rabinta. Liman ya yi gyaran murya ya ce a ambaci mamaci da alherinsa. Sai wurin ya yi tsit. Can wani daga baya ya ce, "Ai dai bai taɓa makara ba." Kowa ya kama haka ne, haka ne, kamar an sauke musu kaya.

Matar Yaya kuwa, da kwano ya suɓuce wa wata baƙuwa ya faɗi a tsakar gida, sai ta zabura ta dubi ƙofar ɗakinsa tana jiran tsawa. Da tsawar ba ta zo ba, sannan ta fashe da kuka, kukanta na farko tun da aka fita da shi.

Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban taɓa taka aji ba. Yadda aka yi nake jan alƙalami yau, zan zo wajen. Na ɗauke shi ne don na ga na cikin akwati yana shirin cinye na cikin kabari. In na yi shiru, nan da 'yan shekaru ba wanda zai san Yaya mutum ne mai baƙar zuciya da riƙon amana, sai a riƙa cewa wani tsoho ne mai sanyin hali. Ƙarya ce, kuma da shi kansa ya ji ana yi masa ita da ya nemi tsumagiya.

Shi aka kai boko, ni aka bar ni da turmi. Ya zama malamin furamare, ya koyar a Tsanyawa, ya koyar a ƙauyukan wajen Ɗambatta, daga ƙarshe aka dawo da shi gida. Tsumagiyarsa da kansa yake yankowa, ba ya aiken yaro, ya ce yaro busasshiya zai zaɓo. Maganarsa biyu duk garin ya haddace. Ta farko, "Kan kabewa!" Ta biyu, "Buɗe kunnenka, ba na maimaitawa." Kuma ba ya maimaitawar. Zai faɗi abu, ya nuna ka da bakin tsumagiya, in ka tsaya haɗiyar yawu kafin ka amsa, ta sauka. Yabo kuwa, ya ce shi ke lalata yaro. Wanda ya ci lissafinsa duka, ladansa shi ne a wuce shi ba a taɓa shi ba.

Ina budurwa, wata rana na same shi a zaure yana duba aikin yara, na tsuguna na ce, "Yaya, nuna mini yadda ake rubuta sunana." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ke? Je ki duba tuwo, na ji ƙauri." Ban sake tambaya ba, shi ma bai sake tayar da zancen ba, har muka yi furfura.

Amma shi ne, da mijina ya rasu ya bar ni da yara, ya riƙa turo keke da damin gero a baya, ya jefar a ƙofar ɗakina ya ce, "Kar ki yi mini godiya, ba na son surutu." Shi ya ɗauki ɗana na fari ya riƙe. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ma cewa nata ne, don haka yaron Yaya nake ce masa, haka kuma zan ce masa a nan. Yaya ya doke shi fiye da ɗan kowa, don kar a ce ya yi son kai. Da tafiyarsa makarantar gaba ta zo, keken nan Yaya ya sayar, ya koma cin kasuwar Ɗambatta a ƙafa. Ranar da yaron ya zo na ɗaya a ajinsu, ya tsaya a zaure yana jira, ni ina leƙe. Yaya ya duba takardar, ya miƙa masa, ya ce, "Awaki ba su sha ruwa ba."

Sai shekarun tsadar nan suka shigo, waɗanda taki ya gagari manomi, gero ya zama abin ɓoyo, gidan da ake tuƙa tuwo kullum aka koma kwaɗon rama da tafasa. Yaya ya riga ya yi ritaya. Malaman da ke zuwa daga Ɗambatta kuɗin mota ya tsare su, sai a daɗe ba a ga ƙeyarsu ba. Iyayen yara suka roƙe shi ya riƙe ajin ƙanana masu koyon baƙi, in kaka ta yi kowane gida ya kai masa abin da ya sawwaƙa daga gona. Ba shi da gonar kirki, Allah kuma bai ba shi haihuwa ba. Da ajin nan yake ci, don shi yake tashi da safe. Shi ne abin da ya rage masa a duniya.

A lokacin yaron Yaya ya zama malami a jami'a a Kano, yana binciken da za a ba shi dakta a kan yadda ake koyar da ƙananan yara. Ya zo wata Juma'a ya durƙusa a zaure, ya ce, "Kawu, muryarka nake so. Za mu ɗauki darasinka mu sa a akwati mai sola, ƙauyen da ba malami a kunna wa yara."

Yaya ya shafa gemu. "Wato jami'a ta rasa malami sai ni."

"Haka ne, Kawu."

"Na daɗe da sani."

A ɗakina aka ɗauki muryar, don ginin ƙasa ne mai kauri kuma yana can ƙurya. Suka rataya barguna a bango, aka kore kaji, aka kai akuyata maƙwabta. Yaya ya zo da babbar rigarsa ta Sallah, ko da yake an gaya masa ba hoto za a ɗauka ba. Ina bakin ƙofa ina ɓarar gyaɗa, aka ce in bari, ƙarar tana shiga. Sai na zauna haka nan ina kallo.

Ya fara darasi yadda ya saba, har da nuna bargo da tsumagiya. Yaron ya tsayar da shi.

"Kawu, in ka yi tambaya, ka ɗan yi shiru."

"Shirun me?"

"Yaro yana buƙatar a ba shi fili ya yi tunani kafin ya amsa."

"Kai da wane shiru ka zama abin da ka zama?"

Yaron ya dubi ƙasa. "To ko ka sake faɗin baƙin, a hankali."

"Ba na maimaitawa."

"Shi ke nan, Kawu. Mu ci gaba."

Na yi mamakin saurin haƙurinsa. Ban san cewa a wajensu magana kamar yadi take ba, a sa mata almakashi, a zubar da ƙyallen da ba a so, a ɗinke sauran.

Abu ɗaya ne ya gagara. Yaron ya ce, "Kawu, ka ce madalla. Ita kaɗai. Za mu sa ta bayan yaro ya ba da amsa."

"Wane yaro? Yana ina? Me ya yi?"

"Ko da babu yaron..."

"Ban faɗa wa mai rai ba, sai in faɗa wa bargo?"

Aka yi kwanaki ana wannan ja-in-ja. Wata rana da hantsi na ga muryar Yaya tana shaƙewa, leɓensa ya bushe ya yi fari. Na san ba a hura wuta a gidansa ba ranar. Ina da ɗan gero da na ɓoye na iri. Na ɗiba, na yi fura, na tare mai nono a hanya, na dama na kai masa a ƙwarya. Rabon kowa a garin da fura mai nono an daɗe. Ya ɗauki ludayi ya sha, ya rufe ido, ya sake sha. Sai ya saki numfashi ya ce, "Madalla." A hankali, da wata murya da ban san yana da ita ba, muryar mutumin da yunwa ta saki wuyansa.

Na'urar ɗaukar muryar tana kunne. Na ga yaron ya ɗago kai da sauri, ya dubi na'urar, ya dubi Kawunsa.

Da aka koma makaranta ya dawo daga Kano da akwatin. Bai fi bulo girma ba, da wani baƙin faranti da ake shanyawa a rana ya ba shi wuta. Ya ari hular Yaya, ya zuba wake fari da wake ja a ciki, ya ce kowane yaro ya rufe ido ya ɗauki ƙwaya. Masu fari suka koma gindin darbejiya wajen akwati, da wata matar aure da ta yi sakandare, aikinta ta kunna ta kuma nuna baƙin a allo. Masu ja suka zauna a aji da Yaya. Aka ce in zango ya ƙare za a yi musu jarrabawa iri ɗaya.

Yaya ya ce, "Wannan rabon na mene ne?"

"Don mu kwatanta, Kawu."

"Ni da wa?"

"Da darasin."

Darbejiyar tana jikin dangata, don haka ni na fara ji. Muryar Yaya ce, amma an wanke ta. Babu tarinsa, babu kan kabewa, babu ƙarar tsumagiya a kan tebur. Ta faɗi baƙi, ta yi shiru, ta sake faɗa, ta sake jira. Yara suka amsa da ihu. Sai na ji madallar furata ta fito. Bayan kowace tambaya, ita ce dai, ba ta gajiya. Kafin Juma'a ta zagayo yara sun raɗa suna: na gindin bishiya Malam mai sanyi, na cikin aji Malam mai zafi.

A nan Yaya ya yi kuskurensa. Ya ɗauka kokawa ce aka shirya masa, kuma zai ci da abin da ya iya. Ya yanko sabuwar tsumagiya. Ya riƙa tsare yaransa har rana ta take, yaran da suka fito gida ciki ba komai. 'Yan wake ja suka fara fitsari a wando, wasu su ɓuya a cikin dawa har a tashi. Matar maƙeri ta janyo 'yarta da kumburarren hannu, ta zaunar da ita a gindin darbejiya ta ce a nan za ta yi karatu. Yaron Yaya da kansa ya kama hannun yarinyar, wanda bai kumbura ba, ya mayar da ita aji. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Iya, wake ja ta ɗauka. In ta tsallaka, aikin duka ya lalace."

Shi kuma zamansa a bayan ajin Yaya yake yi, da takarda a cinya. Ta taga na gan shi: duk saukar tsumagiya, sai ya zana kara ɗaya a takardar. Da ya shigo cin abinci na tare shi.

"Kana zaune ana fasa hannun 'ya'yan mutane, kai kana zana kara?"

"Inna, in na sa baki na canza abin da nake aunawa. Dole a ga tsohuwar hanya yadda take."

"Kawun naka ne tsohuwar hanya?"

"Haka ake rubutawa. Ba a sa suna."

"Shi ya sani?"

Ya tsura wa kwanon ido. "Zango ɗaya ne kawai, Inna. Bayansa yara da yawa ba za a sake dukansu ba."

Na dube shi da kyau, sai na ga wanda ya raine shi a fuskarsa, har yadda yake cije haƙora. Ɗaya yana duka don yara su iya, ɗaya yana zana dukan don yara su iya. 'Yan wake ja ba wanda ya tambaye su.

Na sa mayafi na tafi wajen Yaya. Na ce, "Yaya, ka sassauta. Da kai ake gwajin nan, duk dukan da ka yi rubuta shi ake."

Ya ce, "Ke me kika sani a kan aji? Je ki duba tuwo."

Na tafi na duba.

Kafin ma a yi jarrabawar iyaye sun ga abin da idonsu. 'Yan gindin bishiya suna karanta rubutun jikin motocin Ɗambatta ranar kasuwa, suna gardama a kai. 'Yan aji kuwa in ka nuna musu baƙi sai su fara kare kai da hannu. Da aka tara iyaye da mai gari a filin makaranta, yaron Yaya ya miƙe ya yi bayani da lallami. Ya ce yara sun fi koyo in an jira su, an maimaita musu, an yaba musu. Ya ce, "Muna godiya ga Kawu, domin muryarsa ce ta ci."

Yaya ya ce, "Ni na ci, ko ni aka kayar?"

Mai gari ne ya gyara murya ya ce Malam ya yi wa garin hidima, lokacin hutu ya yi, ga kuma halin da ake ciki kowa ya gani. Wani daga cikin taro, wanda na san Yaya ne ya koya masa rubuta sunansa, ya ƙarasa masa: "Akwati dai ba ya cin gero."

Washegari Yaya ya zo a kan lokaci, da alli a aljihu. Ajin wayam, an kwashe bencunan zuwa gindin darbejiya. Na hango shi ya nufo bishiyar da tsumagiya a hannu. Yara suka sandare, matar da ke kunnawa ta ja da baya. Akwatin ya yi tambaya ya shiga shirunsa. Yaya ya ɗaga hannu ya zabga masa, ya ƙara, ya ƙara. Akwatin tsit, har na ɗauka ya kashe shi. Sai ya ce, a hankali, "Madalla."

Wani yaro ya tuntsire da dariya. Sauran suka bi, har da masu tabon tsumagiya a hannu, har da matar, tana toshe baki da hijabi. A tsawon rayuwarsa an ji tsoron Yaya, an zage shi a bayan ido, amma ba a taɓa yi masa dariya ba. Ya tsaya ya dube su. Ya saki tsumagiyar a ƙasa ya juya. Bai sake bin hanyar makaranta ba, masallaci ma ta bayan gari yake zagawa.

Yaron ya samu daktansa. Aka ce an kai akwatunan ƙauyuka da dama. Duk zuwan da zai yi da buhun abinci, Yaya ba ya amsa sallamarsa, sai ya ce wa matarsa, "A kai wa akwati, shi ne malamin." Matar ta riƙa karɓa ta gidana tana shigar da shi kaɗan-kaɗan a ƙwarya. Yana ci. Ko ya san daga inda yake fitowa, bai taɓa tambaya ba.

Yanzu na zo inda na ce zan zo. Ina surfe, ina tsinkar zogale, muryar Yayana tana shigo mini ta danga, tana faɗin baƙi, tana jira, tana sakewa. Ta wata ɓaraka ina hango allon. Wata rana na tarar da kaina ina zane a toka da tsinke. Akwatin ya yi shirunsa, na amsa ƙasa-ƙasa, ya ce mini madalla. Na san ta fura ce, ni na dama. Duk da haka sai da na jingine taɓarya na zauna. Haka na bi yaran aji bayan aji, su suna wucewa, ni ina nan jikin danga.

Yaya yana da ƙaramin allo a zaurensa. Bayan an karɓe ajin, kowace safiya sai ya rubuta jimla a kai, ya zauna yana kallonta, ba ɗalibi ko ɗaya. Wata safiya na kai masa koko, na tsaya a kansa na karanta da ƙarfi: "Manomi ya tafi gona da fartanya."

Ya juyo. Ya goge, ya rubuta wata. Na karanta ita ma.

"Wa ya koya miki?"

"Kai, Yaya."

"Ƙarya kike."

"Na cikin akwati. Shi da na tsaya haɗiyar yawu, jira na ya yi."

Ya goge allon da hannun rigarsa, ya juya fuskarsa bango. Ya ce, "Ajiye kokon ki tafi." Na ɗan tsaya ko zai ƙara wata kalma. Bai ƙara ba, kuma bai sake rubutu a allon ba. Matarsa ta ce ban kyauta ba. Na ce tambayata ya yi na ba shi amsa, da sauri kuma, yadda yake so.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ni ya sa a kira. Ya rame har babbar rigar nan ta zama kamar an rataya ta a kara. Ya ce, "Buɗe kunnenki, ba na maimaitawa. Kar a kunna mini shi a gidana. Ko gawata kar ta ji shi."

Na ce, "Na ji, Yaya."

Ya ce, "Kan kabewa," ya rufe ido. Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni.

Ranar sadakar uku, sai ga hedimasta da akwatin a hammata, an ɗaura masa farin ƙyalle kamar ango. Ya ce malamai sun ga ya dace a ji muryar marigayi ko sau ɗaya, don tunawa. Matan nan suka fara Allah sarki, Allah sarki, suna gyara zama. Na tashi na tsaya a bakin zaure.

"Malam, mayar da shi inda ka ɗauko."

"Inna, ai girmamawa ce."

"Wanda muke wa addu'a yana maƙabarta. Wannan bai mutu ba, ba shi da abin yi a gidan makoki."

Ya juya yana gunaguni. Matar tela ta ce a bayana ashe taurin zuciyar gado ne. Na ji ta, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Yaron Yaya tun ranar jana'iza yake nan, shi ya shiga kabari ya karɓi gawar, amma ban ga hawayensa ba. Bayan la'asar na zaga bayan rumbu ɗauko ƙirare, sai na tarar da shi a tsugune a cikin kashin awaki, da shaddarsa da furfurar gemunsa, waya a manne a kunne. Ya danna. Na ji ta ƙasa-ƙasa: "Madalla." Ya sake dannawa.

Na ce, "Wannan ba taka ba ce. Ta furata ce."

Bai ɗago ba. "Na sani, Inna. Ni na yanko ta."

"Ya ce ba a gidansa ba. Fita."

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya bi ta ƙofar baya ya shiga gonar dawa. Na ɗauki ƙirarena. Ban kai ga juyawa ba na jiyo ta daga bayan danga. Madalla. Shiru. Madalla. Na tsaya da itacen a hannu har baƙi suka fara nemana.

Allah ya ji ƙan Yaya, na gasken, mai tari da tsumagiya, wanda ya ciyar da marayuna ya hana ni sunana. Allah ya yi masa tambaya a hankali, ya jira shi ya amsa. Na cikin akwati ba ya buƙatar addu'ar kowa. Gobe da hantsi zai tashi aiki a jikin dangata, kuma shi ma ba ya makara.